Attajirin da Aka Danƙa wa Ƙungiyar Ƙwallo

A wani gari da ake kira Tudun Kanya an yi wani mutum mai suna Barnaba, wanda Allah ya sa wa kasuwancinsa albarka ƙwarai. Da tsohuwar mota ɗaya ya fara, yana kwaso masara da waken soya daga kasuwannin ƙauye yana kai wa masu kiwon kaji a kudu. Kafin furfura ta fito masa, manyan motocinsa sun cika hanya, har mutane suka manta da sunan mahaifinsa, kowa sai dai ya ce Barnaba Maitirela.

Ba mugun mutum ba ne. Shi ya sa wa majami'arsu kwano, shi ya haƙa rijiyar burtsatse a bakin kasuwa, kuma ba a taɓa jin wata gwauruwa ta je ƙofarsa ta koma hannu wofi ba. Sai dai yana da hali guda, wanda shi ne ya kai shi inda ya kai: ba ya jira. In tayar mota ta fara sulɓi, a ranar ake cire ta. In direba ya makara sau biyu, ba ya samun damar makara ta uku. Shekara talatin yana tafiyar da harkarsa a haka, bai taɓa yin da-na-sani ba. Saboda haka ya gaskata a zuciyarsa cewa duk abin da ya ƙi tafiya daidai, maganinsa a cire wanda ya gaza a sa sabo.

A garin nan kuwa akwai ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ake kira Zaratan Tudun Kanya. Wanda ya kafa ta shi ne Malam Obadiya, tsohon malamin firamare, wanda ya koya wa Barnaba kansa karatu a aji uku. Shekara ashirin da shida yana horar da ita, ba wanda yake biyansa. 'Yan wasansa mutanen gari ne: teloli, makanikai, 'yan acaba, da wani mai gyaran rediyo da yake tsaron raga. In sun tashi daga aiki da la'asar sai su hallara a filin firamare, su kori awaki, su yi atisaye har rana ta faɗi. Matan gari ke wanke musu riguna bi da bi. In za a je wasa wani gari, a bayan a-kori-kura ake tafiya, a dawo da ƙura har cikin kunne. Ranar Asabar da suke wasa a gida kasuwa takan watse da wuri, Kirista da Musulmi su jeru a gefen fili, masu kunu da masu ƙosai su sayar da kayansu kaf.

Kyaftin ɗinsu wani kafinta ne mai suna Habila, mai tsaron baya. Magidanci ne da 'ya'ya uku, kuma rabin gidajen kwanon garin shi ya hau ya buga musu rufi. Ba shi da yawan magana, amma in ya tsaya a baya sauran sukan yi wasa da kwanciyar hankali.

Ana nan, sai wata shekara Zaratan suka cinye gasar jiharsu, aka ɗaga su zuwa rukuni na sama, inda ake tafiya mai nisa ana karawa da ƙungiyoyin manyan birane. Gari ya yi murna mako guda, sannan hankali ya dawo. Hukumar gasa ta ce dole fili ya kasance da katanga, dole a sami motar kirki, dole kowane ɗan wasa ya sami takalmi da riga iri ɗaya. Dattawan gari suka zauna suka duba, suka ga nauyin ya fi ƙarfinsu. Gaskiya kuma sun gaji. Sai suka tashi, Malam Obadiya a gaba, suka tafi gidan Barnaba suka roƙe shi ya karɓi ƙungiyar ta zama tasa.

Barnaba ya ji daɗin roƙon har cikin ransa. Bai taɓa buga ƙwallo ba tun yana yaro, domin a lokacin da sa'o'insa ke fili shi yana tasha yana ɗora buhu. Amma yana ƙaunar garinsu, yana kuma so a ji sunan Tudun Kanya a rediyo. Ya amsa nan take, ya ce musu daga yau kada wani ya ƙara damuwa da komai.

Ya kuwa cika alkawari. Cikin wata uku ya kewaye wani fili nasa da katanga, ya shuka ciyawa, ya ja ruwa. Ya sayi doguwar bas mai sanyi. Ya ba Habila aikin rufin rumfar 'yan kallo. Ya yanka wa kowane ɗan wasa albashi, har da Malam Obadiya, wanda ya karɓa yana jin kunya. Ranar da aka buɗe filin, tsofaffin mata suka yi ta sa wa Barnaba albarka, shi kuma ya tsaya a tsakiyar ciyawa yana jin cewa a duk abin da ya gina, wannan ne ya fi faranta masa rai.

Da aka fara kakar wasa, sai abin ya zo da wuya. Suka ci wasa ɗaya, suka yi canjaras biyu, aka cinye su uku. Malam Obadiya bai firgita ba. Ya gaya wa Barnaba cewa haka sabon shiga yake, shekarar farko ta koyo ce, in dai sun tsira ba a mayar da su ƙasa ba, to, sun yi nasara. Barnaba ya saurare shi don girmamawa, amma maganar ba ta shige shi ba. A saninsa, wanda ya ce a jira shekara guda, neman uzuri yake yi. Ya fara zuwa wajen atisaye yana tsayawa a gefe. Ya fara tambayar dalilin da ya sa aka ajiye wane aka sa wane. Abokansa na kasuwa, waɗanda ke kallon wasannin ƙasashen waje a talabijin, suka riƙa ba shi shawara, shi kuma yana kai wa Malam ita a matsayin umarni.

Sai ga wasa mafi girma na shekarar ya matso, wanda za su kara da ƙungiyar babban birnin jiharsu a gida. Barnaba ya gayyato manyan abokan cinikinsa daga nesa, ya sa aka yanka sa, aka kafa rumfuna. Amma saura mako guda, a wani wasa da suka je waje, aka taka Habila a gwiwa. Likita ya duba ya ce jijiya ta taɓu, ya huta mako huɗu, in ya kiyaye zai warke sarai.

Da Barnaba ya ji cewa Malam ya cire sunan Habila, sai ya aika a kira masa shi zuwa ofishinsa da ke garejin motoci. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, sannan ya ce ya ji labarin akwai allurar da ake yi wa 'yan wasa su daina jin zafi, manyan ƙungiyoyi ma haka suke yi. Minti casa'in ne kawai, daga nan Habila ya huta wata biyu in yana so.

Malam Obadiya ya ce, "Barnaba, allura zafi take kashewa, ba ta ɗinke jijiya. Na san ƙafar nan tun mai ita yana ɗan shekara goma sha biyu. In ya buga ranar Asabar, ina tsoron ba zai ƙara bugawa ba. Kuma da ƙafar nan yake hawa rufi."

Barnaba ya ce masa likitoci kullum sukan ƙara gishiri, kuma shi ma ya sha tuƙa mota da zazzaɓi a jikinsa bai mutu ba. Malam ya ce shi dai ba zai rubuta sunan ba. A waje ana ta buga ƙarfe. Barnaba ya dubi tsohon nan da ya taɓa riƙe masa hannu yana koya masa rubutu, amma bai janye maganarsa ba. Ya daɗe rabonsa da wani ya ce masa a'a a cikin wannan ofis.

Ya ce, "Malam, ka yi wa garin nan aiki, ba mai musu. Amma inda muka kai yanzu ya wuce filin firamare. Ka je ka huta. Albashinka ba zai tsaya ba."

Malam Obadiya ya miƙe, ya yi masa godiya saboda ruwan, ya ce albashin a bar shi. Ya tafi gida a ƙafa, ko da yake an ce direba ya kai shi.

A yammacin ranar Barnaba ya je shagon Habila da kansa. Ya zauna a kan benci, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce gari gaba ɗaya shi yake kallo, baƙi kuma suna zuwa daga nesa. Ya tambaye shi ko zai iya. Habila ya sunkuyar da kai, ya ce zai iya. Barnaba ya koma gida da farin ciki, yana cewa a ransa ai ga shi mai ƙafar ma ya yarda.

Ranar Asabar fili ya cika maƙil. Aka yi wa Habila allura, ya fito yana gudu kamar ba abin da ya same shi. Ya tare, ya share, ya yi tsalle. Kafin hutun rabin lokaci Zaratan suka jefa ƙwallo ɗaya a raga, garin ya ɗauka da sowa. Bayan an dawo da kamar minti ashirin, Habila ya juya zai bi wani ɗan gaba, ba wanda ya taɓa shi, sai kawai ya zube. Waɗanda ke kusa suka ce sun ji ƙarar. Aka ɗauke shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi, matarsa tana bin su tana riƙe da takalminsa ɗaya.

Ga abin da ya ƙarasa ɓatar da Barnaba: sun ci wasan. Aka tashi ɗaya da nema. Baƙinsa suka rungume shi suna cewa shi ne ya san yadda ake riƙe mutane. Ya aika da Habila babban asibiti, ya ɗauki nauyin aikin da aka yi masa duka, ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. A ganinsa ya yanke hukunci mai wuya, hukuncin kuma ya haifi nasara, kamar yadda ya saba.

Ya ɗauko sabon koci daga birni, mai takardu da yawa. Kocin ya kalli teloli da makanikan nan mako biyu, ya ce ba za su iya ba, ya kawo nasa 'yan wasa. Aka sallami mai gyaran rediyo, aka sallami 'yan acaba, aka sallami sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa da kyautarsa a ambulan. Sababbin sun fi su gudu, sun fi su iya sarrafa ƙwallo, amma ba su san juna ba, ba su kuma san garin ba. Da aka cinye su sau uku a jere, Barnaba ya kori kocin ya kawo wani. Shi ma wannan ya ce 'yan wasan wancan ba su yi masa ba, ya kawo nasa. Cikin kaka biyu koci huɗu suka zo suka tafi. Kowannensu ya gane da wuri cewa mai ƙungiya ba ya son a musa masa, saboda haka in ya bugo waya ana tsakiyar wasa ya ce a cire wane, sai a cire, ko da shi ne yake riƙe da wasan.

Sauran abubuwa ma suka canza, kowanne da dalilinsa mai kyau. Aka sauya sunan ƙungiyar zuwa sunan kamfaninsa, domin a san ta a nesa. Aka sauya koren rigarsu zuwa ja, launin motocinsa. Aka sa tikiti a ƙofa, domin manyan ƙungiyoyi haka suke yi. Aka hana masu kunu da masu ƙosai shiga, aka buɗe shagon lemon kwalba, domin tsabta. Ba wanda ya yi masa gardama. In ya wuce a kasuwa gaishe shi ake yi da ladabi kamar da. Sai dai ranar Asabar kasuwa ta daina watsewa da wuri.

Barnaba ya lura da kujerun da ba kowa, ya ce mutanen garinsu ba su da godiya. Wata rana da safe yana wannan ƙorafi a gida, matarsa Damaris, wadda ƙanenta yana cikin telolin da aka sallama, ta ajiye abin da take yi ta dube shi. Ta ce da can in ta je fili ɗan maƙwabciyarta take zuwa kallo, da mijin ƙawarta, da wanda ya ɗinka mata zane. Yanzu wa za ta je kallo?

Ta ce, "Baban Rifkatu, faɗa mini sunan mutum biyar cikin 'yan wasanka."

Ya buɗe baki. Ya kawo biyu, na ukun ya tuna ashe an sallame shi tun watan jiya. Ya yi fushi ya fita bai karya kumallo ba. Amma maimakon ya tsaya ya yi tunani, sai ya yi abin da ya iya: ya sake sayo 'yan wasa shida.

A ƙarshen kaka ta uku suka zo wasan da in an cinye su za a mayar da su rukunin ƙasa. A gida aka yi shi, da rana tsaka. Barnaba ya sa aka buɗe ƙofa kyauta, ya sa mai shela ya zaga gari. Waɗanda suka zo ba su cika layi biyu na rumfar ba. Aka zura musu uku. Da alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya zagi kowa. Mutane suka miƙe suka kakkaɓe riguna suka tafi. Barnaba ya sauka zuwa ɗakin canza kaya don ya ƙarfafa 'yan wasansa, sai ya tarar rabinsu suna kan waya suna magana da wasu ƙungiyoyi, biyu suna dariya a kan wani abu dabam. Da suka gan shi suka miƙe suka gaishe shi. Ya ga ba wanda ke bukatar ta'aziyya a ɗakin sai shi kaɗai.

Kafin mako biyu duk sun watse, kocin ma ya tafi. Aka bar bas a gareji, ciyawa kuma ana ta ba ta ruwa ba mai taka ta.

A nan ne Barnaba ya sauko. Ya kira taron gari, ya ce ya mayar musu da ƙungiyarsu, da tsohon sunanta, da fili, da mota, duka kyauta. Dattawa suka yi masa godiya mai tsawo, suka ce za su yi shawara. Wata ya wuce, ba wanda ya zo karɓar makulli. Matan da ke wankin riguna sun saki wannan al'ada. Masu ba da gudummawa sun saba da cewa akwai mai yi. Abin da a da kowa yake ɗauka nasa ne, shekara uku ya zama na mutum ɗaya, ba wanda ya ƙara jin cewa nauyinsa ne.

Sai ya tafi gidan Malam Obadiya. Ya same shi zaune a baranda, ya rame, idonsa ya fara dushewa, har sai da Barnaba ya faɗi sunansa kafin ya gane shi. Barnaba ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a ƙasa da manyan kayansa, ya ce ya yi kuskure, ya roƙe shi ya dawo. Ya ce wannan karon ba zai sa baki ba ko da kalma ɗaya.

Malam ya sa aka kawo masa kujera, ya ce ya tashi daga ƙasa. Ya ce ya yafe masa tun ranar, kuma su ma dattawa suna da nasu laifin, domin ba ƙwacewa ya yi ba, su suka kai masa saboda sun gaji. Sannan ya shiga lissafa masa mutanensa. Mai tsaron raga ya koma birni. Biyu cikin 'yan acaban sun tafi haƙar ma'adini, ɗaya rami ya rufta da shi. Telolin sun yi ƙiba, sun ce ko an biya su ba za su ƙara sa takalmin ƙwallo ba. Matasan da yake renon su don su gaji waɗannan, da suka ga ba a ɗaukar ɗan gari, sun daina zuwa tun shekarar farko.

Ya ce, "Da wa zan dawo in yi? Abin da ka gani a filin nan shekara ashirin da shida na yi ina haɗa shi. Yanzu shekaruna saba'in da uku. Ba fushi nake yi ba, Barnaba. Lokacin ne babu."

Barnaba ya tashi ya fito. Maimakon ya nufi gida, sai ya ce wa direba ya tsaya, ya taka zuwa shagon Habila, inda rabonsa da zuwa tun yammacin da ya je roƙonsa. Ya same shi zaune a kan wata gajeriyar kujera, ƙafar dama a miƙe kamar itace, sanda a jingine kusa da shi. Ƙafar ba ta lanƙwasawa. Ya daina hawa rufi. Abin da yake yi yanzu ƙananan kujeru ne da akwatunan kaji, aikin da ake yi a zaune, matarsa kuma ta fara sayar da itacen girki a ƙofar gida don a cike abinci.

Habila ya yi ƙoƙarin miƙewa don ya gaishe shi, Barnaba ya hana shi. Suka gaisa. Barnaba ya ce zai gina masa babban shago, ya sayo masa injuna, ya ɗauki karatun 'ya'yansa. Habila ya yi godiya, ya ce Allah ya saka. Ba ɗaci a muryarsa, wannan kuwa ya fi yi wa Barnaba ciwo. Sai Barnaba ya yi tambayar da ta daɗe tana cin sa. Ya ce ai shi bai tilasta masa ba, tambayarsa ya yi ko zai iya, ya ce zai iya. In ya san ƙafar ba za ta ɗauka ba, me ya hana shi faɗa?

Habila ya ajiye gudumar da ke hannunsa. Ya ce, "Baba, na sani sarai ba za ta ɗauka ba. Da Malam ne ya tambaye ni, da na ce masa ba zan iya ba. Amma kai ka gina filin, kai ka ba ni aikin rufi, kai ka zo shagona da ƙafarka. Wa zai ce maka a'a a garin nan? Mutum ɗaya ne yake iyawa, kuma a ranar ka riga ka sallame shi."

Barnaba ya yi masa sallama ya tafi. Ya gina shagon kamar yadda ya faɗa, ya sayo injunan. A shekarar da ta biyo baya hukumar gasa ta share sunan ƙungiyar, domin ba ta kawo 'yan wasa ba. Damina biyu bayan haka Malam Obadiya ya rasu. Tsofaffin 'yan wasansa da suka rage suka ɗauki akwatinsa, Habila yana bin su a baya da sandarsa, domin ba ya iya ɗaukar kaya. Barnaba ya zo jana'izar, aka ba shi kujerar gaba. Kasuwancinsa bai ragu da komai ba, motocinsa ma ƙaruwa suka yi. Tudun Kanya kuwa ba ta ƙara yin ƙungiyar ƙwallo ba.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali.

Barnaba shi ne kowane ɗayanmu da Allah ya ba nasara a abu guda, sai ya ɗauka an ba shi sanin kome. Iya kasuwanci baiwa ce daga wurin Ubangiji, ba abin raini ba ce. Amma baiwa ce guda ɗaya. Wanda ya san lokacin sayar da masara ba lallai ya san lokacin da jijiya take warkewa ba. Kuɗinsa sun gina katanga, sun shuka ciyawa, sun sayi mota, duk waɗannan kuwa ana bukatarsu. Abin da ba su iya saya ba shi ne shekarun da mutane suka yi suna sanin juna, suna amincewa da juna. Wannan ba a kasuwa yake ba, kuma in ya watse, mai arziki da matalauci duk ɗaya suke a gabansa.

Ƙungiyar ƙwallon ita ce duk abin da aka gina da mutane: gida, makaranta, ƙungiyar mawaƙa, zumuntar mata, ikilisiya kanta. Irin waɗannan a hankali suke girma, kuma ana iya rushe su ba tare da mugun nufi ko kaɗan ba. Ku lura, Barnaba bai saci kome ba, bai ƙi kowa ba. Da kyauta ya shigo, da kyauta ya fita. Duk da haka ya bar kango.

Dattawan garin kuwa mu ne, sa'ad da muka gaji da ɗaukar nauyin abin da yake namu, muka kai wa mai hali muka ce ya karɓa. A majami'u da yawa, ranar da mutum ɗaya ya fara biyan kome, ranar ce sauran suka daina magana. Mukan naɗa mutum dattijon ikilisiya don ya sayi janareta, ba don mun ga yana da haƙurin kiwon rayuka ba. Wannan ba alheri muka yi masa ba. Mun ɗora masa kayan da ba a ba shi ƙarfin ɗauka ba, sannan muka yi shiru muna kallo.

Malam Obadiya shi ne mutumin da Allah yakan ajiye kusa da kai don ya ce maka a'a. Zai yiwu matarka ce, ko tsohon malaminka, ko wani ƙarami a wurin aikinka. Yawanci ɗaya ne tak, kuma yawan arzikinka ko girman muƙaminka, yawan ƙarancin irinsa. In ka kore shi, ba za ka ji an yi maka gardama ba kuma. Za ka ɗauka zaman lafiya ne, alhali kuwa tsoro ne da kunya. Kowa ya tambayi kansa yau: wane ne yake iya ce mini a'a, kuma ina yake yanzu? In ka duba ba ka sami kowa ba, kada ka yi murna.

Na so in ce muku Barnaba ya tuba, kome ya dawo daidai. Ya tuba kam, kuma na gaskata Allah mai jinƙai ne, yana karɓar mai tuba ko da ya makara. Amma gafara ba ta mayar da shekaru baya. An yafe wa Barnaba a baranda, an yafe masa a shago, Habila kuwa har ya tsufa da sanda yake zuwa sujada. Saboda haka wanda har yanzu mai gaya masa gaskiya yana kusa da shi, bari ya saurare shi tun yau, tun ƙafar wani ba ta karye ba.